Hasken waya zai iya maye gurbin fitilar maganin damuwar hunturu?

Tambaya: Assalamu alaikum malam, ni ɗaliba ce a Glasgow, tunda aka shiga Nuwamba ba na jin daɗin komai, sai barci da cin kayan zaƙi, ƙarfe 4 na yamma duhu ya yi. Likita ya ce in gwada fitilar SAD, wato ta maganin damuwar hunturu, amma na ga da tsada. In na ƙure hasken wayata ko na kunna fitilar zobe irin ta 'yan TikTok ba zai yi ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ba ki lafiya. Gaskiya ba zai yi ba, kuma bari in faɗa miki dalili don kar ki ɓata sati uku kina kallon waya kina jiran sauƙi. Shi haske ana auna yawan wanda ke isowa ido ne da ma'aunin lux. Falon gida da dare da wuya ya wuce 200, ofis yana kai 300 zuwa 500, rana tsaka kuwa har 100,000 takan kai. Fitilar da likita ke nufi 10,000 take bayarwa, ita ko waya ko kin ƙure ta abin da ke shiga idonki ko na falon ma bai kai ba. Fitilar zobe ta fi waya amma don hoto aka yi ta, ba don magani ba.

Wannan ciwon ba shagwaɓa ba ne. Dakta Norman Rosenthal da abokan aikinsa a cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta Amurka (NIMH) ne suka fara bayaninsa a 1984, shi kansa daga Afirka ta Kudu ya koma Amurka ya ji yadda hunturu ke kashe masa jiki. A cikin ido akwai wasu ƙwayoyi da ke sanar da ƙwaƙwalwa gari ya waye, sai ta rage sinadarin barci melatonin ta saita agogon jiki, to a Glasgow cikin Disamba yinin duka wajen awa 7 ne kuma yawanci hadari ya rufe, saƙon ba ya isa yadda ya kamata.

Inda ake cutar mutane wajen saye shi ne kwalin zai ce 10,000 lux amma ba zai ce daga wane nisa ba. Kamar jin ɗumi ne, kina matsawa baya zafin na raguwa, in kin ninka nisan hasken na iya komawa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Akwai ƙananan nan masu faɗin tafin hannu da sai kin kusa manna fuska kafin ki samu adadin, wa zai iya zama haka rabin awa? Ki nemi mai faɗin fuska wadda aka rubuta nisanta ɓaro-ɓaro, misali santimita 30 ko 40, kuma aka ce tana tace hasken UV, wato ɓoyayyen hasken nan mai iya cutar da ido da fata. Lumie da Beurer suna cikin kamfanonin da aka sani a nan Turai, wadda aka taɓa amfani da ita ma ba laifi in tana aiki. A nan ne wayarki za ta yi amfani: ki sauke manhajar auna lux, ki riƙe wayar daidai inda idonki zai kasance ki ga lambar, ba ta kai na'urar ƙwararru daidaito ba amma za ta nuna miki in 9,000 kike samu ko 900.

Ki kunna ta da safe bayan kin tashi, minti 20 zuwa 30, a gefe kaɗan, ido a buɗe kina shan shayi ko karatu, ban da zura mata ido. Kar ki yi da dare zai hana ki barci. Da yawa suna jin canji cikin sati ɗaya zuwa biyu, wasu kan ɗan yi ciwon kai da farko. In kina da ciwon ido, ko ciwon suga da ya taɓa ido, ko ciwon bipolar (mai sa yanayin mutum ya riƙa sauyawa tsakanin tsananin zumuɗi da tsananin damuwa), ko kina shan magani mai sa jiki ya kasa jure haske irin doxycycline, ki faɗa wa likitan tukuna. Kuma ba ta ba da bitamin D, wannan daban za ki tambaya. In damuwar ta kai kina tunanin cutar da kanki don Allah kar ki jira fitila, ki kira layin lafiya na Birtaniya 111 ko ƙungiyar Samaritans mai sauraron masu damuwa a 116 123 a take.

Tambaya: Malam ni a Kano nake, lokacin hazo nakan ji kasala da ƙunci, in yi odar fitilar nan?

Amsa: Ɗan'uwa riƙe kuɗinka. Yini mafi gajarta a Kano ya haura awa 11, kuma ko hazo ya rufe gari hasken tsakar gida ya ninka na ɗaki nesa ba kusa ba. Ka auna da waya ka gani, ɗaki da labule a sake sannan ƙofar gida ƙarfe 8 na safe. Ka riƙa fita ka sha hantsi rabin awa, ka rage danna waya bayan isha'i. In ƙuncin ya wuce sati biyu ya hana ka aiki ko cin abinci, ka je asibiti a duba ka, don damuwa tana da dalilai da yawa da ba ruwansu da haske.