Racet mai zagayayyen kai ko mai dogon kai?

Malam, ka tambaya me ya sa wasu makanikai ke ƙin racet (hannun sifana da ke ɗaure noti ko kwance shi ba sai ana cire shi daga kan notin ba) mai zagayayyen kai. Kaurin kan ne matsalar: a lungun inji ba ya shiga kamar mai dogon kai. Kuma maɓallin sauya juyi yana bayansa, in hannu ya yi maiƙo sai ka sa hannu biyu.

Amma ni ina ganin ƙimarsa. Irin na kamfanin Facom mai haƙora 72 a cikin kansa, motsin digiri 5 ya isa ya kama, ko inda hannu ba ya sakewa.

In ya fara zamewa, yawanci giris mai kauri ne ya daskare, ya hana ɗan harshen cikin kama haƙora. Kwance shi, wanke da kananzir, ɗiga baƙin mai kaɗan. Kada ka zura wa hannunsa bututu don ƙara ƙarfin kwance noti mai tsatsa, haƙoran za su karye.