Ku Tambayi Malama: Ɗanki Yana Firamare, Ke Me Kika Sani Game Da Makarantar?

Assalamu alaikum iyaye. Tunda aka koma sabon zango saƙonnin da suke shigowa kusan duk a kan firamare ne, wasu kan jarabawa wasu kan tsaro wasu kuma yadda za a sa yaro aji ɗaya. Na zaɓo guda biyar, waɗanda ba su ga nasu ba su yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Tambaya: Malama barka da aiki. 'Yata tana aji biyu a wata makarantar kuɗi a nan Kano, muna da guruf na WhatsApp amma admin kaɗai ke iya magana kuma ba abin da ake turowa sai tunin kuɗin makaranta. Ranar Laraba aka tashe su da wuri ba a sanar da kowa ba, ɗan sahun da ke ɗauko su bai sani ba, sai wani maƙwabcinmu ne ya gan ta a bakin get ya kawo ta gida, wallahi mai gadi ko sunansa bai tambaya ba. Babanta yace tunda ta dawo lafiya in bar maganar, ni kuma hankalina ya ƙi kwanciya. Ya zan yi? Wata uwa daga Kano.

Amsa: 'Yar'uwa hankalinki yana da gaskiya, kar ki bar maganar. Ki gode wa maƙwabcin nan sosai don alheri ya yi, amma ki tambayi kanki, in shi ya iya tafiya da ita ba wanda yace masa kanzil, waye ba zai iya ba? Mu mutanen Kano ba ma bukatar a kawo mana misali daga nesa. A watan Disamba na 2021 aka ɗauke yarinya 'yar shekara 5 a hanyarta ta dawowa daga Islamiyya, wanda ya ɗauke ta ba baƙo ba ne, mai makarantar bokon da take zuwa ne, ta san shi shi ya sa ta bi shi. A Janairun 2022 aka gano ya kashe ta, a watan Yuli kotu ta yanke masa hukuncin kisa, har gwamnatin jiha ta janye lasisin makarantun kuɗi gaba ɗaya don a sake tantance su. Allah ya ji ƙanta ya ba iyayenta haƙuri. Toh kin ga "ai ta san shi" ba hujja ba ce ta a saki yaro.

Ki lallaɓa babanta ku je tare, kuma ku je da ƙafa, kar ku tsaya kiran waya. Ku fara da malamar aji sannan hedimasta, ba da faɗa ba. Ku nemi a rubuta sunan mutum biyu ko uku da aka yarda su ɗauki 'yarku da lambar wayarsu, a yi kati mai hoto wanda mai gadi zai gani kafin ya saki yaro, in wani daban ya zo ko da kawunta ne uwa ɗaya uba ɗaya sai an kira ku an ji daga bakinku. In za a tashi da wuri a sanar tun jiya, in abin gaggawa ne yara su zauna cikin aji da malami har a zo, ba a turo su bakin titi ba. Wannan duk ba wani kuɗi zai ci ba, littafi ɗaya ne a hannun mai gadi da biro.

Shi ma ɗan sahun, kin san gidansa? kin rubuta lambar kekensa? yara nawa yake lodawa? Wasu za ki ga an cusa yara goma sha wani abu a keke ɗaya wasu a gefen direba ƙafa a waje, kuma ranar da ba shi da lafiya ƙaninsa yake turowa wanda ba ku taɓa gani ba. Ki gaya masa ƙarara in ba zai zo ba ya kira ki, kar ya aiko kowa.

Batun guruf kuma, rufe shi da aka yi ba laifi ba ne don in aka buɗe wasu tallan atamfa da turaren wuta za su cika shi da su har sanarwa ta ɓace, amma dole a ba iyaye lamba ɗaya da ake ɗauka lokacin makaranta. Ki kai wannan taron PTA, ki samu iyaye mata uku huɗu ku yi magana da murya ɗaya. In mai makaranta ya yi kunnen uwar shegu, akwai hukumar jiha mai kula da makarantu masu zaman kansu da na sa-kai, ku rubuta mata takarda.

Tambaya: Malama ni manomi ne a wani ƙauye a jihar Kaduna, yarana uku suna firamaren gwamnati. Kusan kullum sai an turo saƙon murya wai an ga 'yan bindiga za su shigo makaranta, mata su fita a guje su kwaso yara, wani lokacin ƙarya ne. Na fara tunanin in cire su kawai su zauna gida.

Amsa: Malam Allah ya tsare mana ku da zuri'a. Ba zan ce maka tsoronka ba shi da tushe ba. A Tegina ta jihar Neja a watan Mayun 2021 ƙananan yaran Islamiyya aka kwashe suka yi kusan wata uku a daji, a Kuriga cikin ƙaramar hukumar Chikun, nan jiharku, ranar 7 ga Maris 2024 da safe aka shiga makaranta aka kora yara daji har da 'yan firamare. Kai ka fi ni sanin yanayin garinku, in hatsarin a fili yake ba wanda zai zarge ka don ka riƙe yaranka a gida na wasu kwanaki. Abin da nake jiye maka shi ne cirewa gaba ɗaya, don yaron da ya yi shekara a gida da wuya ya koma, musamman mace.

Abin da ke wahalar da ku yanzu shi ne ba ku da bakin da kuka yarda da shi, kowa da wayarsa kowa da labarinsa. Kowace firamaren gwamnati ya kamata tana da kwamitin SBMC, wanda ya haɗa mai gari ko wakilinsa, hedimasta, malamai, iyaye maza da mata, malamin addini da tsofaffin ɗalibai. Ka tambayi hedimasta su waye 'yan kwamitin, yaushe rabon da su zauna. Ku zauna da 'yan sintiri da DPO na yankin ku tsayar da mutum ɗaya ko biyu da in labari ya zo su za su tabbatar sannan su sanar, ko ta lasifikar masallaci ce, kuma kowane yaro ya san ta wace ƙofa zai fita da gidan da zai shiga in an ce a gudu, don guje-gujen nan kansa yana raunata yara, ƙanana ake tattakewa. Duk saƙon muryar da babu sunan gari babu rana babu sunan mai magana kar ka tura wa kowa, ka kira ka tambaya tukuna. Ka ajiye lambar DPO da ta jami'an Sibil Difens na ƙaramar hukumarku, su gwamnatin tarayya ta ɗora wa cibiyar kula da tsaron makarantu tun 2023, sannan akwai 112 ta gaggawa inda sabis yake kamawa.

Tambaya: Anti ɗana shekararsa 9 yana aji huɗu, makarantarsu sunce yana da ƙoƙari in biya masa kuɗin kwaman entirans da na lesin ya tafi JS1. Ƙawayena duk haka suka yi. Kuma ni ban ma gane wace jarabawar ba ce, ta NECO ko ta jiha? Wata uwa daga Zariya.

Amsa: Ƙanwata tambayarki ta ƙarshe ita ce ta farko da za ki yi wa makarantar, kuma su ba ki amsa a rubuce da risit. Jarabawar da NECO ke shiryawa ta shiga makarantun gwamnatin tarayya ce, irin su FGC Kaduna, FGC Kano, FGC Daura, da na 'yan mata kamar FGGC Bakori da Kazaure da Minjibir. Ta intanet ake rajista, an tsara ta ne don 'yan aji shida, ana tambayar lissafi, turanci, kimiyya da zamantakewa da kuma tambayoyin gwada kaifin basira. Jiha tana da tata daban ta shiga makarantunta, sannan makarantun kuɗi da yawa nasu gwajin suke yi su kira shi da wannan sunan. In an ce ta NECO ce ki ce a ba ki katin jarabawa mai hoton yaron da lambarsa da sunan cibiyar da zai zauna, ki duba an rubuta sunansa daidai.

Amma ni shawarata kar ki tsallakar da shi. Tsarinmu shekara 6 ne a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babba. Yi lissafi da kanki, in ya shiga JS1 yana da 9 zai gama SS3 yana 15 ko ƙasa da haka, in yana da 10 kuma 15 ko 16, alhali mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a 16 ne, a 2024 ma an so a mayar da shi 18 kafin minista Tunji Alausa ya dawo da shi 16. Sai ki ga saurin da aka yi ya ƙare a zaman gida. Ga kuma abin da ake koyarwa a aji biyar da shida, su kason lamba da ɗigo da kaso cikin ɗari da rubutun insha'i, wanda malamin JS1 zai ɗauka yaro ya riga ya sani ya wuce abinsa. Na koyar da irin yaran nan, za ki ga yaro mai ƙwaƙwalwa amma ya yi shiru a bayan aji cikin waɗanda suka girme shi da shekara uku, in kuma makarantar kwana ce wankin kayansa ma bai iya ba. Makarantar da ke da sashen sakandare tana da riba in ya haye da wuri, wannan ma ki sa shi a lissafi.

Tambaya: Malama 'yata ta zo ta uku a ajinsu, aji uku, amma na ba ta littafin Hausa ta kasa karanta layi ɗaya. Ya aka yi haka? Wani uba daga Gusau.

Amsa: Madalla da ka gwada ta da kanka Malam, iyaye da yawa "ta zo ta nawa" kawai suke tambaya su ninke takardar. Na uku a aji yana nuna ta fi sauran ne, bai nuna ta iya ba. Makin da ke kan rifot kad haɗi ne na gwajin cikin zango da ake kira CA da jarabawar ƙarshe, a makarantu da yawa 40 da 60, kuma yaro zai iya cin su da haddar abin da aka kwafa a allo. Ka je ka ce a nuna maka takardun jarabawarta da littattafan aikin aji, haƙƙinka ne. Ka zauna da malaminta ka tambaye shi ta san sautin baƙaƙe da wasula, tana iya haɗa ba be bi bo bu? In a nan ta tsaya daga nan za a faro, minti 15 kullum bayan magariba da kai ko mamanta ko yayanta, da Hausa tukuna don ita take ji, turancin zai fi zuwa da sauƙi daga baya. Kar a doke ta kuma kar a yi mata gori gaban ƙannenta. In tana matso da littafi kusa da ido ko sai an maimaita mata magana, a kai ta asibiti a duba ido da kunne.

Tambaya: Malama jikana maraya ne a hannuna yake, ya kai shekara 7 ban sa shi boko ba don ba shi da takardar haihuwa, kuma an ce min sai na biya kuɗin fom da na benci a firamaren unguwarmu. Wata kaka daga Azare.

Amsa: Hajiya Allah ya saka miki da alheri da riƙon maraya. Gobe da safe ki kama hannunsa ku je wurin hedimasta, rashin takarda ba ya hana a rubuta yaro a rajista, shekara 6 ake shiga aji ɗaya don haka kar a ƙara jira. Takardar haihuwa hukumar ƙidaya ta ƙasa ke bayarwa, suna da ma'aikata a sakatariyar ƙaramar hukuma da asibitoci da yawa, ki tafi da katin rigakafinsa in yana nan. Ki tsaya a kan suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya, yadda aka rubuta a takardar haka za a rubuta a makaranta da kuma NIN ɗinsa, don yanzu JAMB ba ta rajista sai da NIN kuma gyaran suna daga baya wahala ce babba.

Kuɗi kuwa, dokar UBE ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare a makarantar gwamnati kyauta ne kuma dole ne, har ta tanadi tarar da ta kai naira 10,000 ko ɗaurin wata uku ga wanda ya karɓi kuɗi. Abin da iyaye suka amince a taron PTA su tara don alli ko gyaran famfo daban ne, shi ma ba a korar yaro a kansa. Ki gaya wa hedimasta maraya ne, ki tafi da mai unguwa in da hali. In aka ƙi, ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ki nemi sakataren ilimi, sama da shi kuma SUBEB, hukumar jiha mai kula da firamare, a Bauchi. Yunifom in babu ya fara zuwa da kayan gida masu tsabta kafin a ɗinka, kuma kafin ki baro makarantar ki sa a rubuta miki sunan malamin ajinsa da lambar wayarsa a takarda.