Binciken tasirin sujada a makarantun tauhidi

Ɗan'uwa, ka tambaya ko takardar tambayoyi kaɗai za ta nuna tasirin sujadar safe (taron addu'a) a kan ɗaliban makarantun tauhidi na Kirista a jihar Gombe. A ganina ba za ta wadatar ba. Inda halartar sujada wajibi ce, cikar majami'a ba ta nuna abin da ke zuci, kuma ɗalibin da yake jiran shaidar malamansa kafin ikilisiya ta ba shi aiki zai ji nauyin faɗin gaskiya. Saboda haka kada a rubuta suna, kada kuma malami ya karɓi takardun. Ka shirya su da Hausa da Turanci. Sannan ka zauna da fastocin ikilisiyar ECWA (Evangelical Church Winning All) na Billiri da Kaltungo, ka ji abin da sujadar makaranta ta amfane su da shi a bakin aiki.