Me ya sa Musulma a fim ɗin Indiya ba ta rabuwa da hawaye?

Tambaya: Malam, tun ina yarinya nake kallon finafinan Indiya. Na lura duk inda Musulma ta fito, ko dai mai rawa ce a gaban masu kuɗi, ko kuma wadda miji ke gallaza wa. Haka matan Musulmin Indiya suke?

Amsa: 'Yar'uwa, idonki ya gane miki daidai, amma ba haka rayuwarsu take ba. Ƙidayar 2011 ta nuna Musulmi sun kai kashi 14 cikin 100 na mutanen Indiya. A cikinsu akwai malamai, likitoci, lauyoyi da masu ɗinkin hannu na birnin Lucknow, sai dai da wuya kyamara ta leƙa wajensu.

Bayan raba ƙasar gida biyu, Indiya da Pakistan, a 1947, masu shirya fim a Bombay sun fi son nuna Musulmi cikin tsohuwar rayuwar sarakuna: waƙoƙin Urdu, ado, labule. Daga nan aka sami Anarkali a Mughal-e-Azam (1960), da Sahibjaan a Pakeezah (1972), da Umrao Jaan (1981). Dukkansu kyawawa ne masu fasaha, dukkansu kuma rawa da waƙa ce sana'arsu, ƙaunarsu cike da baƙin ciki. Abin lura, Madhubala da Meena Kumari da suka fito a biyun farko Musulmi ne, haka ma daraktocin ukun. Don haka ban yarda a ce ƙiyayya ce kawai ba. Kasuwa ce ta saba da wannan hoto, ta ƙi sakinsa.

Daga baya sai aka koma kan saki. Nikaah (1982) ya taɓo saki uku a zama ɗaya, matsala ce ta gaske, har Kotun Ƙolin Indiya ta soke shi a 2017. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda aka mayar da lulluɓi alamar kurkuku, kullum sai wani daga waje ya zo ceton mai shi. Bayan rushe Masallacin Babri na garin Ayodhya a 1992 kuma, Musulma kan fito a matsayin uwa ko yayar wanda ake zargi da ta'addanci, kamar a Fiza (2000).

Idan kina son ganin wata daban, nemi Gully Boy (2019) na Zoya Akhtar. Safeena, jarumar fim ɗin, da ɗankwalinta take karatun likita, tana da kishi da zafin kai, kuma da bakinta take ƙwatar karatunta a wajen iyayenta.