Amsa ga mai tambaya kan sarƙar lajward da maganar Veda

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Kin ce kin ga sarƙa da zobe na shuɗin dutsen nan da Turawa ke kira lapis lazuli, mai sayarwa ya rubuta wai tun zamanin littattafan Veda, tsoffin littattafan addinin Hindu, mutanen Indiya ke sa shi don kwanciyar hankali, buɗewar basira da kau da tsautsayi, har da takardar shaida wai an yi masa addu'o'i ya ɗauki ƙarfi. Kina son sanin ko haka ne, da kuma yadda za ki gane na ainihi. Na ga wasu sun ce ki saya, wasu sun ce shirka ce ki gudu, kowa da amsarsa ta layi ɗaya. Ki yi haƙuri da tsawon tawa amsar. Na yi shekaru ina saro duwatsun ado daga Jaipur, kuma wannan dutsen ya taɓa ja mini asara, ga kunya a gaban mutane.

Jinyar Hajiyarmu ce ta fara kai ni Indiya. Muna Delhi wata da watanni, zaman jira ya ishe ni, sai wata 'yar'uwa da muka haɗu a masauki ta ja ni Jaipur, garin da ake yanka duwatsu da goge su. A kasuwar Johari na fara jin sunan da 'yan kasuwar ke kiran sa da shi: lajward. Kalmar daga Farisanci take, Larabawa kuma suna cewa lazaward. A tsohon harshensu na Sanskrit ana ce masa rajavarta. In kika je kika ce lajward, sai a san kin taɓa shiga kasuwa, farashi ma yakan ɗan sauko.

Abin da ya fara ba ni mamaki, dutsen ba na ƙasar Indiya ba ne. Mafi kyawunsa daga Afganistan yake fitowa, daga ramukan Sar-i Sang da ke kwarin kogin Kokcha a lardin Badakshan, inda aka fi shekara 6000 ana haƙarsa. Mutanen tsohuwar wayewar kogin Indus sun so shi har suka kafa zango a Shortugai, can arewacin Afganistan kusa da ramukan, kimanin shekara 2000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya kai Ur ta ƙasar Iraƙi, ya kai Masar. Fuskar zinaren nan ta Fir'auna Tutankamun, girarta da kewayen idanunta lajward ne, amma shuɗin zanen da ke jikin lulluɓin kan gilashi ne. Kin ga ke nan tun a fadar Fir'auna ake kwaikwayonsa. Ana kuma samun sa a Chile da kusa da tafkin Baikal a Rasha, sai dai na Chile ya fi yawan fari a jiki.

To, maganar Veda. A nan ne masu talla ke haɗa gaskiya da ƙari.

Masu duba taurari na Hindu, waɗanda iliminsu ake kira Jyotish, suna da duwatsu tara da suke kira navaratna, kowanne da tauraronsa. Jan yaƙutu na Rana ne, lu'ulu'un teku na Wata, jan murjani na Marriku, zumurrudu na Uɗaridu, rawayan yaƙutu na Mushtari, daimon na Zahra, shuɗin yaƙutu da suke kira neelam na Zuhal. Sauran biyun, gomed mai launin zuma da wanda ake kira idon kyanwa, na Rahu da Ketu ne, waɗanda ma ba taurari ba ne, wuraren da hanyar Wata ke ratsa hanyar Rana ne a lissafinsu. Ki sake ƙirgawa, ba lajward a cikin taran. Matsayinsa shi ne uparatna, wato dutse mai daraja ta biyu, wanda ake ba mutum a madadin neelam.

Dalilin madadin kuwa biyu ne, kuma wani dattijo mai shago da na daɗe ina ciniki da shi ya warware mini su muna shan shayin nan nasu mai madara. Na farko kuɗi: neelam mai kyau ba na talaka ba ne. Na biyu tsoro. Zuhal, wanda suke kira Shani, a wurinsu shi ne mai hukunci, mai jinkirta al'amura, mai kawo wahala. Yana ɗaukar kusan shekara 30 kafin ya zagaye buruji 12, wato shekara biyu da rabi a kowanne. In ya shiga burujin da ke gaban wanda Wata yake ciki ranar haihuwar mutum, ya ratsa nasa, ya fita ta na bayansa, shekara bakwai da rabi ke nan, ita suke kira Sade Sati, kuma ba ƙaramin firgita take sa su ba. Duk karayar arziki, duk rashin lafiya ko mutuwar aure da ta faɗo a tsakanin, Shani ake ɗora wa. Sun ce neelam dutse ne mai zafin aiki, in ya karɓe ka ka haye, in bai karɓe ka ba ya kwashe maka komai. Shi ya sa ake ce wa mutum ya fara kwana uku da shi a ƙarƙashin matashi ya ga irin mafarkin da zai yi. Lajward kuwa wai mai sanyin hali ne, ba ya cizo. Sai a ɗaura shi a azurfa, a sa a yatsar tsakiya ranar Asabar, ranar Shani, bayan an wanke shi da ɗanyar madara da ruwan kogin Ganga an karanta masa kirarin Shani sau 108. Wannan wankin da karatun su ne abin da takardar mai sayarwarki ke nufi da an ɗora masa ƙarfi.

Wannan duk al'ada ce mai rai a Indiya, na gani da idona, kuma masu yin ta da gaske suke yi. Abin da ba daidai ba shi ne jingina ta ga littattafan Veda su kansu. Atharvaveda, ɗaya daga cikinsu, yana maganar layu da ake ɗaurawa a jiki, waɗanda ake kira mani, amma yawancinsu na itace ne, ko ciyawa, ko ƙwanson teku. Tsarin nan na ba kowane tauraro dutsensa bisa ranar haihuwa daga baya ya zo, bayan ilimin burujai ya shigo Indiya da tasirin Girkawa. Bayanin duwatsu masu daraja da yadda ake tantance su sai a littattafan baya, irin Brihat Samhita na Varahamihira a ƙarni na 6, da Garuda Purana. Masu haɗa magungunan gargajiyar Indiya na Ayurveda daga ma'adanai su ma sun lissafa rajavarta cikin uparatna. Shi kuwa laƙabin "ilimin taurari na Veda" a zamanin nan ya yaɗu, musamman a wurin masu sayar wa Turawa. Akwai kuma wata kalma, vaidurya, da masu talla kan ɗauko su ce ga sunan lajward a tsoffin littattafai. A fassarar littattafan addinin Buda an sha ba ta wannan ma'anar, amma a bakin masu Jyotish vaidurya idon kyanwa ne, dutsen Ketu.

Maganar da kika kawo ta cewa yana buɗe "ido na uku" da cibiyar maƙogwaro ita ma haka take. Zancen cibiyoyin jiki da suke kira chakra tsoho ne a littattafan Tantra da Yoga. Amma jera su da launukan bakan gizo, a ce shuɗi na maƙogwaro ne don haka a sa shuɗin dutse, Turawa ne suka tsara shi a ƙarni na 20, daga baya ya koma Indiya a matsayin kayan kasuwa.

Kin tambaya ko na ji wani canji da nake sa shi. Ina da awarwaro ɗaya da na fi shekara biyar ina sawa. Yana da sanyi a fata, yana da nauyi mai daɗi, in ina cikin damuwa nakan tsinci kaina ina murza ƙwayoyin, hankalina ya ɗan kwanta. Haka kuma nake ji in na riƙe carbina na roba. A cikin shekarun nan na ci riba na yi asara, na yi lafiya na kwanta asibiti, awarwaron na hannuna duk. Ta ɓangaren addini kuwa, ado da dutse ba baƙon abu ba ne a wurinmu, ya zo a Sahihu Muslim cewa zoben Manzon Allah (SAW) na azurfa ne, dutsensa na Habasha. Amma ki sa shi da niyyar ya tsare ki daga sharrin Zuhal, ko ki biya kuɗi don an karanta masa kirarin abin bautar wasu, wannan wani zance ne daban, kuma duk malamin da na ji ya taɓo irinsa hanawa yake yi. Ni a shagona ado nake sayarwa, in mai saye ta tambaye ni albarkarsa sai in ce yana hawa da farin leshi.

Yanzu ga inda aka cuce ni. A tafiyata ta biyu, wani yaro ya ja ni wani lungu ya ce akwai mai kaya da araha. Na ga sarƙoƙi shuɗi shar, ko ɗigon fari babu, kowace ƙwaya kamar 'yar'uwarta. Na ce yau na dace. Na kwaso da yawa, na dawo gida na sayar. Sati bai cika ba wata Hajiya, babbar kostomata, ta shigo da farin mayafinta a leda. Ta je biki cikin zafin nan na watan Afrilu, gumi ya karyo, wuyanta da mayafin duk suka rine kamar an tsoma a marina. A gaban mutane ta ajiye mini. Na mayar wa kowa kuɗinta, ita kuma na ƙara da kuɗin mayafi. Da na fasa ƙwaya ɗaya da taɓarya, cikinta fari ne tas. Wani farin dutse ne mai araha, haulait, aka tsoma a rini.

Tun daga ranar na koyi dubawa. Lajward ba ma'adani ɗaya ba ne, haɗi ne. Shuɗin daga lazurait yake, farin jijiyoyin kalsait ne, ɗige-ɗigen nan masu ƙyalli kamar zinare kuma fairait ne. Don haka na ainihi ba ya zama iri ɗaya sak, wata ƙwayar ta fi wata duhu, ƙyallin ya warwatsu ba tsari. In kika ga komai ya daidaita kamar an buga a inji, ki yi taka-tsantsan. Ki samu auduga ki jiƙa da ruwan goge jan farce, ki shafa a wurin da ba ya nunawa, musamman bakin ramin zare. In audugar ta yi shuɗi, rini ne. Ki leƙa cikin ramin da hasken waya, sau da yawa rinin bai kai ciki ba. Ki ɗora a kumatu: dutse yana da sanyi kuma yana jinkirin ɗaukar ɗumi, roba nan take take ɗumama kuma ba ta da nauyi. Gilashi kuma wani lokaci za ki ga 'yan kumfa a ciki.

Sai dai gwajin auduga ba ya kama kowane ɓarawo. Akwai sodalait, dutse ne na gaske mai shuɗi na halitta, ba ya zuba, amma ba lajward ba ne, shuɗinsa ya fi ja zuwa toka-toka kuma da wuya ki ga ƙyallin zinare a jikinsa. Akwai wanda ake niƙa ɓarɓashin dutsen a kwaɓa da gam a zuba masa garin ƙarfe mai ƙyalli. Akwai na masana'anta da kamfanin Gilson ya fitar a shekarun 1970. Wanda ya fi wahalar da ni shi ne lajward na gaske mai ƙaramar daraja, wanda aka rina farin jikinsa aka shafe da kakin zuma, don kakin yakan hana ruwan goge farcen isa ga rinin. Mai sayarwa zai rantse miki na ainihi ne, kuma bai yi ƙarya ba, rabin zancen kawai ya ɓoye. Duk sunan da aka yi wa ƙari, irin "lapis na Suwizalan" ko "na Jamus", wani dutse ne aka rina, ba a haƙar lajward a can.

In kayan mai tsada ne, takardar da ke da amfani ita ce ta ɗakin gwajin duwatsu, mai lamba, wadda ta faɗi sunan dutsen, nauyinsa, da ko an rina shi. A Jaipur akwai irin waɗannan wuraren, nakan kai samfur kafin in biya babban sari. Ki lura da ma'aunin ma. Masu Jyotish da ratti suke awo, asalinsa ƙwayar idon zakara ce, jar nan mai baƙin kai da muka sani, kuma ratti iri biyu ne a kasuwa, ƙarami da babba. Ki ce a faɗa miki a karat ko giram, karat ɗaya kashi ɗaya cikin biyar ne na giram.

Wani abu da bai shafi jabu ba amma ya tsaya mini a rai: a 2016 ƙungiyar Global Witness ta fitar da rahoto cewa kuɗin ramukan Badakshan na shiga hannun 'yan bindiga, har da Taliban. Na tuna da shi duk lokacin da na ga an rubuta wa dutsen "mai kawo zaman lafiya".

In kin samu na ainihi, ki lallaɓa shi. Taurinsa 5 zuwa 5.5 ne a ma'aunin Mohs mai hawa 10, wato ƙurar yashi ma tana iya dusashe shi. Kada ki fesa masa turare, kada ya taɓa lemon tsami ko sabulu mai ƙarfi, don tsami yana cin farin kalsait ɗin. Ki cire shi kafin wanka da wanke-wanke, ki goge da tsumma mai laushi, ki ajiye shi daban da sauran sarƙoƙi. Ga wani abin dariya: da can masu zane a Turai niƙa shi suke yi su samu fenti mai tsadar gaske, har a 1828 aka tabbatar wani Bafaranshe, Guimet, ya gano yadda ake haɗa launin a masana'anta. Wannan haɗin ne bular da muke sa wa fararen kaya.

Kafin ki tura kuɗi, ki ce mai sayarwar ya ɗauko miki bidiyon sarƙar a hasken rana, ya kusanto da ramin zaren, sannan ya rubuta miki cewa in ta zuba zai karɓi kayansa. Ki turo mini bidiyon in duba miki.