Dalilin da Ya Sa Ake Ce Masa Burtu

Ɗana, ka tambaye ni abin da ya sa muke kiran wannan itacen da maharbi ke ɗaurawa a goshi da suna burtu, alhali a bakin mutanen birnin Katsina ka fi jin kalmar idan ana zancen wanda ya ɓad da kama. Sunan na tsuntsu ne tun asali, mu maharba muka ara, daga wurinmu kuma mutanen gari suka ɗauka.

Burtu babban tsuntsu ne baƙi wuluk, tsawonsa ya kai kusan mita 1, yana da dogon baki da wani tozo a bisa tushen bakin, kuma sai ya buɗe fukafukai ake ganin farin gashin da ke ƙarshensu. Namijin jan maƙogwaro gare shi, macen kuwa shuɗi. Ba ya son tashi sama. Yini yake yi yana takawa a hankali cikin ciyawa, yana tsintar fara da ƙadangaru da ƙananan macizai, kuma a kogon babbar bishiya irin kuka yake sheƙa. Tun da kullum tare suke kiwo, barewa da gada sun saba da shi, ba sa ɗaga kai idan ya gifta.

Wannan sabon ne magabatanmu suka lura da shi. Sai suka sassaƙa itace mai siffar wuyansa, suka ɗora ainihin ƙoƙon kan tsuntsun da bakinsa ko suka sassaƙa makamancinsa, suka rufe da baƙar fata, wasu har su manna jajayen 'ya'yan idon zakara. Maharbi ya ɗaura, ya lulluɓa da baƙin zane, ya duƙa yana sunkuyar da kai kamar mai caccakar ƙasa, har ya kai inda kibiya za ta isa. Daga nan aka samo "shigar burtu", wato mutum ya ɗauki kamar abin da ba a tsoro don ya matso kusa, kuma yana ɓata mini rai cewa yau a labarin ɓarayi aka fi jin ta.

Kafin ka ɗauki gizago, ina so ka ga tsuntsun da idonka, ko da yake ya yi wuyar gani tun da gonaki suka cinye daji. Ka lura da yadda yake tsayawa tsakanin taku da taku, da lokacin da yake kai baki ƙasa, domin sauri ne ke tona asirin mai koyo. Kuma ka riƙa fuskantar iska, kada ta kai wa dabbar warinka.