Kar ki daka ƙwayar nan, 'yar'uwa

'Yar'uwa, ina ganin tambayarki gabana ya faɗi. Kin ce ƙwayar mesalazine, maganin gyambon babban hanji, ta yi miki girma, ko za ki iya daka ta, tunda ma wani lokacin kina ganinta a bahaya kamar ba ta narke ba. Don girman Allah kar ki daka, kar ki raba, kar ki tauna. Ni na yi, na kuma ji a jikina.

Wani mai kemis a unguwarmu ne ya ce in riƙa raba ta biyu, wai "ai duk ciki ɗaya za ta, Hajiya." Da ma shi ne ya shekara biyu yana ɗura min Flagyl, yau ya ce atuni, gobe ya ce basir, kafin a saka min kyamara a gano gyambon babban hanji ne. Ni ma da laifina da na koma wajensa. Wata biyu ina rabawa da wuƙar yanka albasa. Ranar kai amaryar ƙanwata abin ya taso min a mota, muna cike, ga dangin ango. Sau uku ina tsayar da direba. Na ukun ban kai ba. Jini da majina har ƙasan zani, wata gwaggo ta yafa min mayafinta, kowa ya yi shiru yana kallon taga. Har yau in na wuce shagon mutumin nan sai na kau da kai, shi kuwa ko a jikinsa.

Likita ce ta zana min a takarda. Ɓawon ƙwayar an yi shi ne ya jure tsamin ciki, ba ya narkewa sai ta isa ƙarshen ƙaramin hanji, inda tsamin ya ragu, ma'auninsa na pH ya kai wajen 7. Maganin a kan gyambon yake aiki, kamar man shafawa a kan ƙuna. In kin fasa, jiki ya tsotse shi tun a sama, ya bi fitsari, hanjin bai ga komai ba.

Abin da kike gani a bahaya sau da yawa kwanson ne kawai. Amma in ƙwayar ce sukutum, kuma tana maimaituwa, ki gaya wa likita, don zawo mai sauri kan wuce da ita. Akwai mai tsaki-tsaki ta leda irin Pentasa, ta fi sauƙin haɗiya, sai dai tsada. Ni yanzu sulfasalazine nake sha saboda aljihu. Ita ƙwayoyin bakteriya da ke cikin babban hanji ne ke raba ta, kuma tana mayar da fitsari ruwan lemo, kar ki tsorata. Ana haɗa min da folic acid.

Ki guji diclofenac da ibuprofen, ko haƙori ke ciwo. Ki riƙa gwajin ƙoda. Kuma in an rubuta miki ta matsawa ta ƙasa ki daure, ni kunya ta sa na ɓoye tawa a ƙasan akwati wata guda, alhali ita ce ta tsayar min da jinin.

Allah Ya ba mu lafiya. Wace iri aka rubuta miki, mai 400 ko mai 800?